Mu Leƙa Gidajen Tarihi

Jama'a masu sauraro, wannan filinmu ne na faɗakarwa. Yau shirin zai kai mu yawo, daga Kano zuwa Jos, daga Damaturu zuwa Yamai, har ma a tsallaka Bahar Maliya. Batunmu shi ne gidajen tarihi: me ke cikinsu, me ya fi tsaya wa masu ziyara a rai, kuma ta yaya ziyarar wuni guda za ta zama labarin da gida duka zai ƙaru da shi. Sai a gyara zama.

[Kiɗa]

Akwai mutanen da aka haifa a cikin birnin Kano, suka yi aure, har suka aurar, kullum suna gifta ƙofar Gidan Makama a hanyarsu ta zuwa kasuwa, amma ko sau ɗaya ba su taɓa sa ƙafa ciki ba. Haka abin yake a Kaduna da Sakkwato da Yamai. In aka tambayi dalili, amsar ba ta cika wuce uku ba. Wani ya ce ai wurin Turawa ne masu yawon buɗe ido. Wani ya ce na 'yan makaranta ne da malamansu. Wani kuma ya yamutsa fuska ya ce gidan gumaka ne. Shirin yau zai auna waɗannan amsoshi ta hanyar duba kayan da ke ajiye a gidajen.

Gidan tarihi na farko a Najeriya an buɗe shi a garin Esie, cikin jihar Kwara ta yanzu, a 1945. Na Jos ya biyo baya a 1952, na Legas a 1957. A 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ke riƙe da gidajen gwamnatin tarayya har yau. Sai dai adana kayan kaka da kakanni ya daɗe a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Bature. Fadoji sun riƙe tambura da takubba da tutocin yaƙi. Malamai sun riƙe littattafan rubutun hannu a cikin gafaka. Tsofaffin mata sun riƙe zannuwan saƙi da awarwaro a cikin adudu. Abin da gidan tarihi ya ƙara shi ne buɗe ƙofa, ta yadda ɗan talaka da ɗan sarki za su tsaya a gaban abu ɗaya su gan shi da idonsu.

A fara da Kano. Gidan Makama yana daura da fadar Sarki, kuma ginin kansa shi ne kayan tarihi na farko da baƙo zai gani. An gina shi a ƙarni na 15, ana kuma danganta shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina Gidan Rumfa da sarakuna ke zaune a ciki har yanzu. Da mutum ya shiga zauren farko zai ji sanyi ya ratsa shi ko da ana tsakiyar bazara, saboda kaurin bangon ƙasa da tsayin rufin azara. In ya ɗaga kai zai ga yadda magina suka ɗaure rufin da baka, ba ƙarfe ba siminti.

Cikin abin da masu ziyara suka fi tsayawa a gabansa akwai tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga. A zamanin da, kowace ƙofa ta birni tana da sarkin ƙofarta, wanda zai rufe ta in rana ta faɗi, ya buɗe da safe. Fataken da suka makara sai su kwana a bayan ganuwa da jakunansu. Ta wannan ƙofa ta Kabuga ce sojojin Turawan Ingila, ƙarƙashin Kanar Morland, suka kutsa birnin ranar 3 ga Fabrairu, 1903, a lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Yaron da ya haddace wannan kwanan wata don jarrabawa yana iya manta shi bayan mako guda. Wanda ya tsaya a gaban ƙyauren, aka ce masa ta nan aka shigo, da wuya ya manta.

Sauran ɗakunan gidan suna ɗauke da tsofaffin hotunan birni, da labarin yaƙin basasar Kano na ƙarshen ƙarni na 19, da kayan hawan sallah irin su sulke da lifidi da kwalkwali, da kayan kiɗa, da kayan sana'o'i. Akwai kuma ɗakin amarya na gargajiya, da jerensa. Duk wanda ya je wannan ɗaki da kakarsa zai ga abin mamaki, domin nan take tsohuwar za ta karɓe aikin ɗan jagora. Za ta nuna wace ƙwarya ce ta dama fura, wace ce ta ado kurum, wane faifai ne ake rufe tuwon maigida da shi, wa ke kawo wane kaya daga dangin uwa, wa ke kawowa daga dangin uba. Jikokin da suka saba ganinta a zaune tana jan carbi sai su gane ashe akwai ilmi mai yawa a kanta wanda ba wanda ya taɓa tambayarta.

A unguwar Nasarawa kuma akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Mai wuni guda a Kano yana iya haɗa gidajen biyu, ya ƙarasa da hawan Dutsen Dala da yamma.

[Kiɗa]

Daga Kano sai Jos, inda labarin ya faro daga ramin kuza. A 1928, masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba wanda ya san darajarsa a lokacin. A 1943 aka sake samun wani kan a yankin Jama'a. Wani ma'aikacin kuza ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya, ya kafa shi a kan mutum-mutumi don tsorata masu ɓarna, ya shekara a nan yana shan ruwa da rana. Da labari ya kai ga Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki da ya karanci ilmin tonon kayan tarihi, sai ya lura kan nan ya yi kama da wanda aka samu a Nok. Ya shiga bin ramukan kuza yana roƙon ma'aikata su daina jefar da irin waɗannan abubuwa. Abin da ya tara shi ne harsashin gidan tarihi na Jos.

Wanda ya tsaya kusa da ɗaya daga cikin kawunan Nok, a Jos ko Kaduna ko Legas, ya dubi idanun tukuna. Kusurwa uku gare su, an huda tsakiyarsu. An huda hanci da kunne, wani lokaci har da baki, abin da ya taimaka wa iska da tururi su fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe. Sannan ya dubi kitson. Akwai tukkaye, akwai layuka, akwai ƙulle-ƙulle, an zana su dalla-dalla kamar yau makitsiya ta gama. Waɗannan kawuna sun haura shekara 2,000, wasu ma sun wuce 2,500. A Taruga kuma an tono tanderun narka tama na mutanen wannan zamani, abin da ya sa su cikin waɗanda suka fara sarrafa ƙarfe a Afirka ta Yamma. Maƙeri da mai ginin tukwane da makitsiya, kowannensu zai ga tushen sana'arsa a wannan ɗaki.

A harabar gidan akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na zamanin kuza, da babban ɗakin tukwane daga sassan Najeriya, da wani fili na musamman da aka keɓe wa gine-ginen gargajiya. A nan aka kwaikwayi wani yanki na ganuwar Kano, da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Da yake an yi wa masallacin na asali gyare-gyaren zamani, wannan kwaikwayo na Jos yana taimaka wa ɗaliban zanen gini su fahimci yadda gwanin ya ɗora rufi mai faɗi a kan ginshiƙan ƙasa.

To, a nan ne maganar gumaka take shigowa, kuma bai kamata a kauce mata ba. Mai wannan damuwa yana da hujjar kishin addininsa. Abin da ya kamata ya sani shi ne ba a ajiye komai a gidan tarihi don a bauta masa. Ana ajiye shi ne a matsayin shaida: ga yadda mutanen da suka rayu, ga abin da suka iya, ga abin da suka yi imani da shi, ga kuma yadda suka wuce. Malamai sun sha tunatarwa cewa duban gurbin waɗanda suka gabata hanya ce ta ɗaukar izina.

Ƙasashen Musulmi ma suna gaba-gaba a wannan aiki. A Makka, a unguwar Ummul Jud, kusa da masana'antar da ake saƙa rigar Ka'aba, akwai gidan nunin gine-ginen Masallatan Harami biyu. A ciki akwai tsohon ƙyauren Ka'aba na zamanin Sarki Abdul'aziz, da tsohon matakalin katako da ake hawa a shiga ɗakin, da tsohon bakin rijiyar Zamzam da abin jan ruwanta. Alhazai da dama sukan ƙare kwanakinsu na bayan Arfa a kasuwar tsaraba ba su san da wannan wuri ba. Alhajin da ya je, in ya dawo gida, labarinsa yakan fi na sauran armashi, domin ya ga yadda kakanninsa da suka yi tafiyar ƙasa suka tarar da Harami.

A Istanbul ta ƙasar Turkiyya, fadar Topkapi ta sarakunan Daular Usmaniyya ta zama gidan tarihi tun 1924. Akwai sashen da ake ajiye mayafi da takubban da ake dangantawa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wasu sahabbansa. Sarki Salim na Ɗaya ne ya fara tara su a can bayan ya ci Masar a 1517, kuma ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba dare ba rana. A Masar kuwa, inda ɗaliban Hausa da yawa ke karatu a Azhar, an buɗe sabon babban gidan tarihi kusa da dalar Giza ranar 1 ga Nuwamba, 2025, aka baje kaya sama da 5,000 da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankamun wanda aka gano a 1922. A gida kuma, a Sakkwato, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana riƙe da littattafan rubutun hannu da wasiƙun Daular Usmaniyya ta Shehu Ɗanfodiyo. Almajirin da ya ga tawada da alƙalamin malaman wancan zamani a kan takarda zai koma ga allonsa da wani sabon ƙarfin gwiwa.

[Kiɗa]

Masu sauraro, in an sha ruwa sai a nufi gabas. A 1987, wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe ta yanzu. Da ya yi zurfin kimanin mita 5 sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Bai fasa shi ya yi itacen girki da shi ba, bai kuma ɓoye ba. Ya sanar da hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tone wurin, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, an sassaƙe shi daga gungumen itace ɗaya. Gwajin da aka yi a Jamus ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya girme shi, kuma yana cikin mafi tsufa a duniya. Ya girmi dalar Giza da fiye da shekara 3,000.

Abin lura a jikinsa shi ne kyan sassaƙar. Gaba da bayansa an fiƙe su sun yi tsini, gefensa bai wuce kaurin santimita 5 ba, kuma an yi wannan aiki ne tun kafin a san ƙarfe. Samunsa a wurin ya kuma nuna cewa yankin da yau ake fama da ƙarancin ruwa, a da ruwa ne malala, lokacin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Kwale-kwalen yana ajiye a Damaturu. Da makiyayin nan ya yi shiru, da duk wannan ilmi ya ruɓe a ƙasa.

A ƙetara iyaka zuwa Yamai. Gidan Tarihi na Ƙasa na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, ya sha bamban da sauran, domin mutanen gari sun mayar da shi wurin shaƙatawarsu. Fili ne mai faɗin kimanin hekta 24, an warwatsa ɗakunan nuni a cikinsa da fasalin ginin Hausa, ga gidan namun daji, ga rumfunan masu sana'a. Baƙo zai ga Buzu maƙerin azurfa yana ƙira, baduku yana ɗinka jaka, masaƙi yana jefa ƙoshiya, ya tsaya ya yi tambaya, ya yi ciniki.

Abu biyu ne yara ba sa mantawa a can. Na farko ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, waɗanda ake kira dainoso, da aka tono a Gadufawa cikin hamadar Nijar, tare da na wani kada da ya rayu shekaru miliyan 110 da suka wuce, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Na biyu kuwa busasshen itace ne kawai, amma labarinsa yana sa jiki ya yi sanyi. Itaciyar Tenere ke nan, wata itaciyar ƙaya dangin bagaruwa da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, ba wata a kusa ko a nesa. Ayarin raƙuman gishiri tsakanin Agadas da Bilma da ita suke gane hanya, kuma madugai sun hana a karya mata ko reshe don hura wutar shayi. Da aka haƙa rijiya a gefenta a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta ta faɗi. Aka ɗauko gangar jikinta zuwa Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Malamin da ke son koyar da illar sare itatuwa ba zai sami abin nuni da ya fi wannan ba.

[Kiɗa]

Tarihin jiya-jiya ma yana da gidajensa. A Kaduna akwai Gidan Arewa, a harabar gidan da Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya zauna, inda kuma aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar bincike da adana takardun tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Akwai hotuna da takardu da kayan amfanin marigayin, akwai kuma tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami. A Bauci, hubbaren Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da ɗakin da ake nuna kayansa, kuma abin da masu ziyara suka fi magana a kai shi ne ƙarancin kayan.

A gidan tarihi na Onikan a Legas kuwa, wata baƙar Marsandi ce ke tsayar da mutane cak. A cikinta aka harbe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammed ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyar zuwa ofis a Barikin Dodan, ba tare da jerin gwanon masu tsaro ba. Yana da shekara 37, mulkinsa kuma bai wuce kwana 200 ba, amma a cikinsu ne aka yanke shawarar mayar da babban birnin tarayya Abuja, aka kuma mayar da jihohi 19. Hujin harsasai na nan a jikin motar. Matashin da bai san Murtala ba sai a jikin takardar naira 20, in ya ga wannan mota, dole ya koma gida da tambayoyi ga mahaifinsa.

Akwai sauran wurare da lokaci ba zai bari a tsaya a kansu ba. Gidan Tarihi na Kanta a Argungu tsohuwar fada ce da aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, da makaman yaƙin Kabawa da kayan su. Ga Rijiyar Kusugu a Daura, ga Hasumiyar Gobarau a Katsina, ga fadar Sarkin Damagaram a Zinder. Da wuya a sami mai sauraro da ba shi da ɗaya daga cikin irin waɗannan a tazarar tafiyar safiya guda.

Yaya za a ci moriyar ziyarar? Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Mutum ya shiga ya zaga ɗaki goma cikin rabin awa, ya ɗauki hoto a bakin ƙofa, ya fito bai riƙe komai ba. Abin da ya fi shi ne a zaga sau ɗaya a hankali, sannan a koma ga abu guda da ya ja hankali a daɗe a gabansa. A tambayi jami'in da ke rakiya: wa ya yi wannan, da me aka yi shi, me ake yi da shi, ta yaya ya iso nan? Ma'aikatan gidajen nan da yawa sun shekara da shekaru suna tare da kayan, kuma suna jin daɗin mai tambaya. A nemi izini kafin a ɗauki hoto. Kada a taɓa kaya, domin gumin hannu da maiƙonsa suna cin takarda da fata da ƙarfe a hankali. A binciki ranaku da lokutan buɗewa kafin a kama hanya, a tanadi ɗan kuɗin shiga, a kuma rubuta ra'ayi a littafin baƙi kafin a fita.

Malaman makaranta, na boko da na Islamiyya, su shirya yara tun daga aji. A ba kowane yaro aikin zaɓen abu ɗaya da zai zana ko ya rubuta labarinsa, ya zo ya faɗa wa 'yan ajinsu. Iyaye su haɗa yaro da tsoho a tafiya ɗaya, a kunna waya a naɗi muryar tsohon yana bayani. Wannan murya ita ma kayan tarihi ce, kuma wata rana iyalin za su neme ta.

In an dawo, kada a bar labarin ya kwana a ciki. A ba da shi a majalisa bayan la'asar, a tsakar gida bayan tuwon dare, a zauren WhatsApp na dangi ko a Facebook. A faɗi sunan wurin daidai, da sunan abin, da abin da jami'in ya ce, ba tare da ƙarin gishiri ba. Yawancin waɗanda suka taɓa zuwa gidan tarihi, wani ne ya ba su labari har suka yi sha'awa.

Su ma hukumomi akwai jan aiki a gabansu. Wasu gidajen suna fama da rashin wuta, da yoyon rufi, da ƙura, da gara. Bayanan da ke jikin kaya galibi da Turanci ko Faransanci kaɗai ake rubuta su, alhali mafi yawan mutanen gari Hausa suke karantawa, da boko ko da ajami. Gyara wannan ba ya bukatar maƙudan kuɗi. Kuma gidan da jama'a ke cika shi ya fi samun kulawar gwamnati a kan wanda aka ƙaurace wa.

Kada kuma a ɗauka kayan nan za su dawwama suna jiran mu. A 1897 sojojin Ingila suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fadar Benin. Sai a 2022 Jamus ta amince ta mayar wa Najeriya mallakar fiye da 1,000 daga cikinsu, a 2025 kuma Holan ta dawo da 119. A 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Brazil da mafi yawan kayansa kimanin miliyan 20 a dare ɗaya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya jawo aka wawushe gidan tarihi na Khartum. A nan gida, masu haƙar ɓoye sun daɗe suna tone wuraren Nok suna sayar wa dillalai, duk da cewa dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izinin hukuma ba. Don haka wanda ya gaji tsohon takobi, ko littafin rubutun hannu, ko ya tono wani abu a gona, kada ya miƙa shi ga mai yawo da jaka yana taya kuɗi. Ya nemi gidan tarihi mafi kusa, a duba shi, a rubuta shi, a ba shi shawarar yadda zai adana.

Ranar 18 ga Mayu ta kowace shekara ita ce Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya, ana kiyaye ta tun 1977, kuma gidaje da yawa sukan shirya taro na musamman a ranar. Amma ba sai an jira ta ba. Malam, Malama, Alhaji, Hajiya, a ware rana ɗaya a cikin wannan wata, a ɗauki yara da tsoho ɗaya na gida, a je gidan tarihin da ya fi kusa. In an dawo, a aiko wa wannan fili labarin abin da ya fi burge ku, da sunan wurin da kuka gan shi, domin a karanta wa sauran masu sauraro.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.